Wahalar aiki ce ke karya mu, ko shugaban da ke kanmu?

Maman Nafisa:
Assalamu alaikum ƴan uwa. Yanzu na sauko daga gardi, wato aikin kwanan dare, ko farar rigar ban cire ba, amma akwai abin da ya tokare mini wuya, in ban faɗe shi ba barci ba zai zo ba.

Shekarata 9 ina aikin jinya. Shidan farko na yi su a wata likita ta karkara, wato ƙaramin asibiti, kudu da Maradi. Babu wuta sai sola guda da ke riƙe da firijin allurar rigakafi, ruwa sai an ɗebo mana a jarka, haihuwar dare da tocila muke karɓarta. Mu uku ne da sajfam, wato ungozoma, ɗaya. In Satumba ta kama, zazzaɓin cizon sauro ya haɗu da tamowa, layin uwaye yakan kai har gindin dogon yaron da ke bakin hanya. Wallahi a shekarun nan shida ban taɓa cewa zan bar aiki ba. Gajiya kam na gaji, amma irin gajiyar da barci ke wankewa.

Yau shekara 3 ke nan ina cikin gari. Akwai fanka, akwai famfo, kabu-kabu ɗaya ke kai ni gida. Amma kullum da safe sai na zauna bakin gado ina lallashin zuciyata kafin in fita.

Da na duba, bambancin mutum ɗaya ne: majo, wato shugaban likita. Na ƙauye sunansa ne farko a takardar gardi. Shi ke ɗaukar daren Sallah don mu masu yara mu je gida. In magani ya ƙare, shi ke fita da kansa ya tsaya gaban iyaye ya yi musu bayani. Wanda nake ƙarƙashinsa yanzu, takardar gardi a aljihunsa take, ta waya ake sanar da kai an canza, kuma akwai waɗanda ba su taɓa kwana ranar Sallah ba.

Daren jiya ƙarfe biyu aka kawo mini yaro ɗan shekara 2 yana jijjiga, jiki kamar wuta, gwajin yatsa ya nuna zazzaɓin sauro. Allurar artesinat, maganin zazzaɓin sauro mai tsanani, tana ɗakin magani, makulli yana hannun majo, wayarsa a kashe. Na rubuta wa uban takarda ya ruga farmasin da ke gardi ya sayo. Da safe majo ya zo, a gaban uban yaron da sauran masu jinya ya ce wa ya ba ni izinin rubuta takardar saye ga yaron da doka ta ce kyauta ne. Uban da ke mini godiya da asuba sai ga shi yana kallona kamar ɓarauniya.

Ku gaya mini gaskiya, wahalar aiki ce ke karya mu, ko shugaban da ke kanmu?

Ɗan Tasawa:
Wa alaikumus salam Yaya. Allah Ya ba yaron lafiya. Abin da aka yi miki bai dace ba, amma ni ban yarda a ɗora komai a kan majo ba. Shekarata 5 ina kwantiragi, har yau babu matirkil, wato lambar zama cikakken ma'aikacin gwamnati. Ɗan abin da ake ba mu sai ya yi latti, mai gidan haya kuma ba ya jiran kowa. Akwai ƴan sa-kai a wurinmu da ke kwana gardi kamar kowa, ƙarshen wata sai abin da kwamitin likita ya iya tsakuro musu. Majonmu mutumin kirki ne, ban taɓa jin ya ɗaga wa wani murya ba, amma kirkinsa bai taɓa saya mini tiyar hatsi ba. Ki biya ni a kan lokaci, ki ba ni safar hannu da magani, ko wane irin majo ne zan zauna da shi.

Maman Nafisa:
Ƙanena, ba ka gamu da irin nawa ba ne. Ni ina da matirkil, albashina yana shiga, kuma ga ni ina neman hanyar gudu.

Hajiya Sajfam:
Ku duka biyun gaskiya kuka faɗa, sai dai kowa inda ke masa ciwo yake taɓawa. Ni shekara 21 a ɗakin haihuwa, na yi aiki da shugabanni bakwai. Rashin kaya yana gajiyar da jiki. Wulaƙanci a gaban mara lafiya kuwa, wannan wani wuri yake taɓawa. Ranar da aka kunyata ka gaban wanda ka kwana kana ceto, washegari hannunka ba ya sauri kamar jiya. Sai ka fara cewa bari in jira a ba ni umarni, kar in sake jawo wa kaina. A aikinmu kuwa jiran nan shi ke kashe mutane. Mace mai zubar jini bayan haihuwa ba ta da awa guda ta jiran wayar kowa.

Baban Halifa:
Ku yi haƙuri in sa baki, ni ba ma'aikacin lafiya ba ne, ɗan kasuwa ne, ƙanwata ce ta sa ni cikin nan. Kuna ta maganar yadda ake muku, mu fa yadda kuke mana? Bara na kai maiɗakina tana naƙuda, wata ta daka mata tsawa wai lokacin da take jin daɗinta ba ta kira kowa ba. A gabana. Wallahi da ba don halin da muke ciki ba da an ji mu. Mutum ya zo daga ƙauye bai san ƙofa ba, ya yi tambaya a harare shi. Shi ma majo ne ya sa?

Hajiya Sajfam:
Alhaji, wannan magana da aka faɗa wa maiɗakinka ƙazanta ce, kuma ni a madadin masu wannan aiki ina ba ka haƙuri. Ba zan kare ta ba. Na sha jin irinta da kunnena, na kuma sha kiran yara gefe a kanta. Amma ka tambaya ko majo ne ya sa, to zan ce maka wani ɓangare shi ne. Ɗakin haihuwar da shugabarsa ba ta yarda da zagi ba, ba a zagi. Yarinya sabuwar fitowa daga makaranta ba ta zuwa da wannan bakin, a wurinmu take koya. Ta ga babba ta yi ba a ce komai ba, ita ma ta ɗauka.

Baba Majo na Tsibiri:
Ɗiyata Maman Nafisa, sannu da aiki. Na karanta abin da kinka rubuta har sau biyu. Shekara 14 na yi ina majo kahin in aje aiki, don haka ki bari in yi magana daga wancan gehen tebur.

Faɗan da anka yi miki gaban mutane kuskure ne, babu ja. Amma maganar makulli, ki tsaya ki ji. Ba don mugunta majo ke riƙe makulli ba. Ni da kaina na taɓa barin ɗakin magani buɗe don masu gardi, wata ukku ba su cika ba anka fara ganin maganinmu ga masu tebur cikin kasuwa. Da masu bincike sunka zo daga sama, ba su tambayi mai gardi ba, ni sunka titsiye. Daga rannan makulli bai sake barin wuyana ba.

Ku yaran yanzu ba ku san yadda abin ya faro ba. A 2006 anka ce yara ƴan ƙasa da shekara 5 kyauta za a duba su, da awon ciki, kahin nan an riga an ce tiyatar haihuwa kyauta. Niyya ce mai kyau, kuma yara da yawa sun rayu dalilinta, da idona na gani. Amma tsarin shi ne likita ta ba da magani, ta cika takardu ta aika, gwamnati ta maido kuɗin. Kuɗin nan sai a yi watanni, wani lokaci shekaru, ba su dawo ba. To majo da mi za shi sake cika ɗakin magani? Mutane sun ji a rediyo an ce kyauta, sun zo, babu. Sama a ce kai ne ba ka iya riƙo ba, ƙasa a ce kai ka cinye. Gaba kura baya sayaki.

Kuma wa ya koya muna shugabanci? Ni allura da ɗinki da karɓar haihuwa na koya a makarantar lahiya ta Damagaram. Rana ɗaya takarda ta zo, an naɗa ka majo. Babu wanda ya zaunar da ni ya ce ga yadda ake raba gardi, ga yadda ake yi wa babba gyara ba a kunyata shi ba. Abin da munka gani ga na gabanmu shi munka yi, su kuwa da tsawa sunka riƙe mu.

Maman Nafisa:
Baba, na gode, kuma wallahi na ji. Ban taɓa zama na yi tunanin wanda ake titsiyewa in magani ya ɓace ba. Amma Baba, majona na ƙauye shi ma a wannan tsarin yake, shi ma ana bincikarsa. Abin da ya yi, ya ware ƙaramin akwati na gaggawa. Mai sauka gardi da mai hawa su ƙirga tare, su sa hannu a littafi. Shekara 6 ko kwalba ɗaya ba ta ɓace ba. Bai ce mu duka ɓarayi ba ne don ana sata a wani wuri.

Baba Majo na Tsibiri:
Wanga dabara ce mai kyau. Da na san ta a lokacina da na yi. Akwai dare guda da har yau in na tuna sai na yi istigfari.

Malam Mai Alli:
Ina koyarwa a wata makarantar kiwon lafiya a nan gari, kuma wannan muhawarar na so ɗalibaina su karanta ta. Tambayar Maman Nafisa an daɗe ana yin ta, har a ƙasashen da ba su san rashin safar hannu ba. A farkon shekarun 1980 Amurka ta yi fama da ƙarancin ma'aikatan jinya, amma aka lura akwai asibitocin da mutane ke rububin shiga kuma ba sa fita. Aka bi su aka bincika, a 1983 aka fitar da guda 41, aka yi musu laƙabi da asibitocin maganaɗisu. Abin da aka tarar a cikinsu shi ne shugabar jinya tana kusa, ana ganinta a ɗakin marasa lafiya, ana jin shawarar ma'aikata, kuma an bar mai jinya ta yanke hukunci a kan abin da ta sani. Akwatin majonki na ƙauye ke nan, Maman Nafisa. Amana ya ba ku, ya kuma sa mata ƙirga.

Amma Ɗan Tasawa ma yana da hujja. A 2002 wata mai bincike kan aikin jinya, Linda Aiken, da abokan aikinta suka duba asibitoci 168 a Amurka, suka ga duk mara lafiya ɗaya da aka ƙara wa mai jinya, haɗarin mutuwar majinyaci cikin kwana 30 yana ƙaruwa da kashi 7 cikin 100, yiwuwar ita kanta ta ƙone da gajiya kuma da kashi 23. Wannan ba halin shugaba ba ne, lissafin hannaye ne.

Alhaji Baban Halifa, kai ma akwai amsarka a ciki. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana wannan ƙonewar a matsayin abin da aiki ke haifarwa, ta ba ta alama uku: ƙarewar ƙarfi, zuciya ta yi nisa da aikin har mutum ya daina jin tausayin da yake ji da, sannan aikin kansa ya ragu. Ta biyun nan ita ce kuka fi gamuwa da ita a bakin ƙofa. Ba na cewa duk mai tsawa ƙonewa ta yi, wasu rashin tarbiyya ne tsagwaronsa. Amma na ga ɗalibaina masu taushin zuciya sun fita, bayan shekara huɗu na gamu da su ban gane su ba.

Ɗan Tasawa:
Malam, su can ana gardama ne tsakanin majinyata huɗu da takwas. Ni a watan Satumba ni kaɗai da yara sama da 30 a kwance, biyu-biyu a gado, wasu a tabarma. In aka yi mana wannan lissafin na kashi 7 ban san inda zai tsaya ba. Kuma tun da aka rage kuɗin asibiti a Satumban 2024 mutane sun ƙaru, abin farin ciki ne ga talaka, amma hannayen da ke karɓarsu su ne dai na jiya.

Malam Mai Alli:
Haka ne. Ma'aunin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi ne likitoci da ma'aikatan jinya da ungozomai 4.45 ga kowane mutum 1000, mu kuwa ko kusa ba mu kai ba. Tun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja za su ba lafiya kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi, kaɗan ne suka taɓa cikawa. Wannan ba majo zai gyara ba. Sai dai masu bincike na LASDEL, wata cibiyar nazarin zamantakewa a Yamai, sun daɗe suna shiga likitocinmu suna zama suna kallo, kuma abin da ya ja hankalina a aikinsu shi ne, a cikin rashi iri ɗaya akan sami wurin da aiki ke tafiya da kyau saboda mutum ɗaya ko biyu da suka gyara daga ciki. To tunda majo ba zai iya ƙara mana hannaye ba, aƙalla kar ya karya waɗanda ke akwai.

Ummu Abdallah:
Ƴan uwa mu ji tsoron Allah. Wannan aiki ibada ne. Wanda ya raya rai ɗaya kamar ya raya mutane duka ne, Alƙur'ani ya faɗa. In muna jiran yabon majo ko albashi, ladanmu fa? Mahaƙurci mawadaci. Maman Nafisa ki yi haƙuri ki bar shi da Allah.

Maman Nafisa:
Ummu Abdallah, Allah Ya saka da alheri, kuma don Allah ɗin nake tashi ƙarfe biyun dare. Amma kalmar haƙurin nan ta fara yi mini nauyi a kunne. Babu safar hannu, haƙuri. An canza gardi ranar sunan ɗan ƙanwarki, haƙuri. An kunyata ki, haƙuri. Kullum ƙasa ake aiko ta, ban taɓa ganin an aika ta sama ba. In na yi shiru, gobe wata ce za ta tsaya gaban ƙofar da ke kulle da yaro yana jijjiga a hannunta. Haƙurina zai buɗe mata?

Baba Majo na Tsibiri:
Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce dukkanku makiyaya ne kuma kowa za a tambaye shi abin da anka ba shi kiwo. Majo ma makiyayi ne. A riƙa karanta mishi wannan kamar yadda ake karanta ma yara ayar haƙuri.

Ɗan Tasawa:
Da hadisin a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Namu gumin ya bushe ya sake jiƙewa.

Ummu Abdallah:
Ban ce kar a nemi gyara ba. Na ce kar zuciya ta ɓaci har ta shafi mara lafiya. Shi bai yi laifin komai ba.

Hajiya Sajfam:
A nan kam mun haɗu.

Rabi ta Zariya:
Ni na riga na fita, bari in faɗa muku abin da na tarar. Bayan kwalarar 2018, wadda ta faro daga ƙasar Madarunfa, na bar aikin gwamnati na shiga wata ƙungiyar agaji, sashen yara masu tamowa mai tsanani. Kowa ya ce kuɗi na bi. Kuɗin ya fi, ba zan ɓoye ba. Amma aikin ya ninka, don lokacin da rumbu ya ƙare kafin sabon hatsi ya shigo, yaran da igiyar awon dantse ke nuna ja ba sa yankewa, har daga ƙetaren iyaka ake kawo su.

Abin da ya riƙe ni wani abu ne daban. Satina na biyu yaro ya rasu a hannuna. Na shiga bayan tanti ina kuka, ina jiran a kira ni a wanke ni. Aka kira ni kuwa, amma mu duka aka zauna, aka ɗauko takardar yaron, aka bi ta awa-awa. Ƙarfe nawa sukarin jininsa ya faɗi, wa ke kusa, me ya sa na'urar awo tana wancan ɗakin. Babu wanda ya ce laifin wance ne. Washegari aka ƙara na'ura a ɗakinmu. Shekara 7 na yi a wancan aikin na farko, yara nawa suka rasu, ba a taɓa zama irin wannan ba ko sau ɗaya. Ko dai a yi shiru, ko a nemi wanda za a rataya wa.

Kar kuma ku ɗauka aljanna ce. Kwantiragi ne na watanni, ranar da masu ba da kuɗi suka janye sai ka ga kanka a gida. Biyu daga cikin waɗanda muka shiga tare yanzu suna zaune.

Ɗan Tasawa:
Tanti Rabi, ina neman ki ta gefe.

Wata Majo:
Na daɗe ina karantawa ban tanka ba, don kujerar da kuke magana a kanta ita nake kai yanzu, shekara ta huɗu. Wasu maganganun sun yi mini zafi, amma ba ƙarya a ciki.

Ku san dai majo ma yana da nasa majon. Rahoton wata yana jira, kowane shiri da tasa takardar: rigakafi, tamowa, tarin fuka, tsarin iyali. Daga Yuli zuwa Oktoba ga rabon maganin kariyar zazzaɓin sauro gida-gida ga yara daga wata 3 zuwa shekara 5, ni ke bin masu rabo, ni ke haɗa alƙaluma. Ga kwamitin likita, ga mai gari, ga ɗan siyasar da zai kira ya ce wance ƴarsa ce kar a sa ta gardi. Wannan na ƙarshen shi ne wanda ba ku gani. Sau da yawa wadda kuke cewa ƴar gaban goshin majo ce, majon ma tsoronta yake.

Amma akwai abubuwan da ke hannuna, babu wanda zan ɗora wa. Takardar gardi a bango take tun 25 ga wata, da sunana a ciki. Wanda ya yi ƙaramar Sallah ba ya yin babba. Gyara a ofis nake yi, ƙofa a rufe. Sai babbar fitinar da ba wanda ya ambata a nan: zuwa horo. Kun san horo da kuɗin zama yake zuwa, kuma a wurare da yawa mutum ɗaya ne ke zuwa duka, ko na haihuwa ne ko na tarin fuka, ya dawo bai koya wa kowa komai ba. Na ga wannan ya raba ma'aikata fiye da gardi. Ni littafi na buɗe, bi da bi, har ƴan kwantiragi da ƴan sa-kai, wanda ya je kuma ya dawo ya tsaya gabanmu ya maimaita. Ranar da na fara, wata babba ta yi wata biyu ba ta gaishe ni ba.

Duk da haka bara mutum biyu suka tafi, kuma na kirki. Ɗaya ta bi miji Yamai, ɗaya ya ce mini, Majo ba ke ba ce, ba zan iya aure da wannan kuɗin ba. Ban sami abin ce masa ba. Don haka Ɗan Tasawa, ban ƙaryata ka ba.

Maman Nafisa:
Majo, da ma a wurinki nake. Tambaya ɗaya: in kina wurin nawa majon, ta yaya za ki so a zo miki da wannan maganar? Don in na shiga yanzu yadda zuciyata take, abin da zai fito ba mai kyau ba ne.

Wata Majo:
Kar ki je yau, ki yi barci tukuna. Kar ki je ke kaɗai, kar kuma ku je ku goma ya ga kamar taron dangi. Ku biyu ko uku, da wadda yake jin nauyinta. Ki fara da yaron da makullin, ki kawo masa maganar akwatin da littafin sa hannu a matsayin abin da zai kare shi in an zo bincike. Maganar kunyatawar ki bar ta ƙarshe, ki faɗe ta sau ɗaya, a fili, ba kuka ba zagi. In ya ƙi, akwai wakilin sandika, ƙungiyarmu ta ma'aikata, akwai na sama da shi. Amma ki rubuta abin da ya faru daren jiya da awanninsa tun yanzu, kafin ki manta.

Baban Halifa:
Ni dai na ƙaru. Amma don Allah in kun gyara tsakaninku ku tuna da mu a bakin ƙofa. Sannu kawai muke so wani lokacin.

Sani Mai Kula da Zaure:
Jama'a, wasu sun turo suna tambayar wace likita ce, wane majo ne. Ba za a faɗa ba, wanda ya saka suna kuma zan goge. A ci gaba.

Maman Nafisa:
Salam ƴan uwa, na dawo da labari bayan kwana uku. Mun je mu uku, da wata babbarmu da ta girme shi. Da farko ya ɗaure fuska, ya ce an kai ƙararsa intanet ke nan. Da aka zo maganar akwati ya yi shiru, sannan ya ce shekarun baya an taɓa sa shi biyan maganin da ya ɓace daga aljihunsa, abin da ban taɓa sani ba. Ya yarda a gwada wata ɗaya, in ƙirga ta cika a ci gaba. Takardar gardi kuwa ya ce ba mu za mu koya masa aiki ba. Maganar abin da ya yi mini gaban uban yaron, na faɗa kamar yadda Majo ta ce. Bai ba da haƙuri ba, ya dai kalli tebur.

Yaron an tura shi babban asibiti an ƙara masa jini, jiya uban ya biyo ya ce ya fara cin abinci. Na yi masa bayanin takardar, ya ce ya gane, amma jika shidan da ya kashe a daren nan bashi ya ci.

Ban san ko zan zauna ba. Takardar neman canjin wuri tana cikin jakata, ban miƙa ba, ban kuma yaga ba.

Ɗan Tasawa:
Ni na miƙa tawa jiya a inda Tanti Rabi ta nuna mini. Majona da kansa ya rubuta mini takardar shaida, ya ce Allah Ya sa a dace. Wallahi da na fito ofishinsa sai da idona ya cika.

Baba Majo na Tsibiri:
Allah Shi yi muku albarka ku duka. Ɗiyata, akwatin nan ki tabbata ke ce ta farko da za ta sa hannu, kuma ki ƙirga gaban shaida.

Hajiya Sajfam:
Maman Nafisa, turo mini jerin abin da majonku na ƙauye ke sawa a akwatin, in kwatanta da namu na ɗakin haihuwa. Ranar Litinin muna da taron wata, ina so in kai maganar.

Maman Nafisa:
To Hajiya. Yau ma ni ce da gardi, in dare ya yi sauƙi zan rubuto miki. Artesinat, diyazefam na tsayar da jijjiga, ruwan sukari da robar ƙarin ruwa ta yara dai su ne farko.